Ranar da Na Je Zance Ba Turare

Wajen ƙarfe huɗu ne na yammacin Asabar, hadari ya haɗu ta wajen Azuba amma ya ƙi sauka. Gari ya yi luf, zafi na tasowa daga ƙasa, ko ganye ba ya motsi. Ina tsaye gaban madubin shagona a Bukan Sidi, nan Lafia, cikin farar shadda da na ɗinka wa kaina, hannuna sai kaiwa yake kan kwalbar turare ina janyewa. Jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikinku wa ya taɓa zuwa zance ba turare? To ni ranar haka na je. Sabulun wanka ma sai da na nemi marar ƙamshi. Amma bari in ɗan koma baya, saboda waɗanda yau suka shigo labarin.

Sunana Kalilu, tela ne ni. Wadda nake nema sunanta Mutmainna, 'yar Baffa Ashafa mai shagon atamfa a kasuwa, gidansu na Akurba. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, yayar Baffa, Gwaggo Jumai, ita ta rene ta. Gwaggo kuwa sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Duk amaryar da za a kai a unguwar, in ba Gwaggo ce ta haɗa mata ba, to kamar ba a gama biki ba. Tun daga bakin layi hancinka zai nuna maka gidan.

Ranar da na fara faɗa wa Mutmainna abin da ke raina, ba ta yi wani rufe fuska ba. Cewa ta yi, “Ina da asma fa, mai tsanani. Kada daga baya ka ce ba a faɗa maka ba.”

Na ce, “Ni kuma ina da jinkirin ɗinki. Kowa da nasa.”

Ta yi dariya har da tari. Tun daga nan na san na shiga.

Abin shaƙa iri biyu ne da ita, inhela dai da kuka sani. Ɗaya na kullum, safe da dare, ɗaya shuɗi na lokacin da ƙirji ya riƙe. Yarinyar nan ba ta wasa da magani, har ƙararrawa ta sa a wayarta. Amma duk da haka bana abin ƙara gaba ya yi ta yi. In ya tashi sai a karɓo mata wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a kemis, ta sha ta samu sauƙi, kumatunta su cika, mutane su riƙa cewa ai hutu ne ya karɓe ta. Bayan 'yan kwanaki kuma a koma gidan jiya.

Abin da ya tayar da hankalin kowa shi ne, tun da manyana suka kai kayan sa rana, ciwon ya koma kamar ni yake jira. Ran Asabar nake zuwa. Za a shigar da ni falon baƙi, ta fito ta sha kwalliya, mu gaisa, ko lemon da ta zuba mini ban shanye ba sai in ji numfashinta ya fara fito kamar ana busa ƙaramin usur. Ta dafa gwiwa, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ta shaƙi shuɗin, ta sake shaƙa. Wani lokaci ya lafa, wani lokaci sai an tare keke mai ƙafa uku an kai ta asibiti.

Gwaggo ba ta daɗe ba ta yanke hukunci. “Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mutanen ɓoye ne, akwai wanda ya riga shi. Shi ya sa in yaron nan ya taka gidan nan sai a shaƙe ta.”

Ba da ƙiyayya ta faɗa ba, wallahi. Matar nan ta kwana zaune da Mutmainna a jikinta ba sau ɗaya ba. Ta je ta karɓo wani haɗin hayaƙi wajen mai magani, duk ranar da zan zo sai an yi mata kafin in iso, don tsari.

Asabar ɗin da ta fi muni, leɓenta har ya sauya kala. Ni na tare keke, ni na taimaka aka sa ta ciki, amma Baffa bai bar ni na shiga ba. Washegari ya aiko a kira ni shago. Ya daɗe yana ninke atamfar da take a ninke kafin ya yi magana.

“Kalilu, ban ga laifinka ba. Amma 'ya ɗaya Allah Ya bar mini. Ka dakata da zuwa. In abin bai sauya ba, zan sa a mayar muku da kayanku, ba don ƙi ba.”

Na ce, “To Baffa.” A gida ma Innata ta zaunar da ni. “Ɗan nan, aure ba ɗinkin Sallah ba ne da za ka yi haƙuri ya wuce. Za ka iya jinya?” Na ce mata zan iya. Ta dube ni ta ce Allah Ya sa.

Da yamma saƙon Mutmainna ya shigo daga gadon asibiti.

“An cire min oksijin. Ka ci abinci?”

“Na ci.”

“Ƙarya. Me ka ci?”

“Biredi.”

“Allah Ya shirye ka. Sun ce ran Talata in ga likitar ƙirji. Gwaggo ce za ta raka ni. Ka zo ka tsaya ko daga nesa ne, aljanina.”

Na daɗe ina kallon kalmar nan ta ƙarshe. Wasa take, na sani, amma sai da idona ya kawo ruwa.

Ran Talata na rufe shago na tafi. Na samu benci can nesa da ɗakin likita na zauna kamar wanda ya zo tasa lalurar. Sun daɗe a ciki. Can sai ga wata nas ta leƙo tana cewa, “Wane ne Kalilu? Likita na kira.”

Likitar mace ce, 'yar ƙabilar Tibi, sunanta Dokta Hembadoon. Doguwa, da tabarau a saman goshi, Hausarta irin ta cikin kasuwar Lafia. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai ne aljani ɗin? Ah ah, aljani da hula mai kyau haka. Zauna, oga ango.”

Gwaggo ta kawar da kai. Mutmainna ta danne dariya da hijabi.

Kafin in shigo ashe an yi abubuwa da yawa. An ɗauki hoton ƙirji don a tabbata ba tarin fuka ba ne, an auna zuciya, an ɗebi jini. An sa ta busa cikin wani bututu da ke haɗe da na'ura, aka ba ta magani ta shaƙa, ta sake busawa. Likitar ta ce sai ta fara tabbatarwa asma ce da gaske, don akwai cututtukan da ke shigar burtu da kamanninta. Sannan ta sa ta shaƙi inhelarta a gabanta, wai mutane da yawa a baki suke fesawa maganin bai kai huhu ba.

“Amma wannan yarinya ya iya,” in ji ta. “Yana sha kullum, yana sha daidai, kuma ciwo bai kwanta ba. Shi ne muke ce ma asma mai taurin kai. To yanzu sai mu nemo me ke tsokane shi. Mutmainna, ranar da wannan mutum zai zo, me kike yi? Fara daga azahar. Kar ki tsallake komai.”

Mutmainna ta sunkuyar da kai, don ai ba a faɗin irin wannan a gaban saurayi. Gwaggo ce ta karɓe, da ɗan alfahari ma.

“Me take yi kuwa? Abin da kowace 'yar mutunci ke yi. Ta yi wanka, ta shafa humra. A ɗora kayanta kan kabbasa a turara su har su kama. Falon baƙi a sa kasko, a rufe taga da ƙofa don ƙamshin ya zauna. Ai ba a karɓar baƙo a ɗaki yana warin rana.”

“Sai kuma me?”

“Sai hayaƙin tsari. In zuba a garwashi, ta duƙa, in lulluɓe ta da bargo.”

Likitar ta sauko da tabarau kan hancinta. Ta juyo gare ni. “Kai fa?”

Na ce, “Ni dai... ina ɗan fesawa.”

“Ɗan? Tun da ka shigo idona yake ruwa.”

Ta ajiye biro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hanyar numfashin Mutmainna kamar ɗanyen ciwo take, a kumbure kullum. Hayaƙin da ke yawo a gidan yau da gobe ba ya barin ta warke, ran Asabar kuma sai a tara mata na mako guda a rufaffen ɗaki, hanyar ta tsuke gaba ɗaya.

Gwaggo ta ce, “Likita, tun kafin a haife ta nake sana'ar nan. In turare na kisa da ni ya fara kashewa.”

“Mama, ke huhunki lafiya. Nata ba irin naki ba ne.” Sai ta ɗauko 'yar fitila ta haska hancin Mutmainna, ta daɗe tana dubawa. “Yaushe rabonki da jin ƙamshi?”

Mutmainna ta dubi Gwaggo, ta dubi ƙasa.

“Ya fi shekara,” ta ce a hankali. “Ba na jin komai. Ko miya ta ƙone ba na ji.”

“Ke!” in ji Gwaggo. “Duk haɗin da nake miƙa miki kina cewa ya yi daɗi?”

“To Gwaggo, ya zan ce miki? Shi ya sa nake ƙara humrar, don ban san ko ta kama ba.”

Ni kuwa na tuna kwalaben turaren da na ƙarar a kan wannan yarinya, ashe ko sau ɗaya ba ta ji ba. Ban san lokacin da na ce “Innalillahi” ba. Likitar ta kwashe da dariya.

Ta ce wani tsiro ne ya toshe mata can cikin hanci, kuma yakan zo tare da irin wannan asmar. Ta nuna mana takardar jini, ta ce akwai wasu ƙwayoyin jini da suka yi mata yawa, su ke hura kumburin. Sannan ta faɗi abin da ya sa na yarda da ita, don ba ta yi mana daɗin baki ba.

“Kar ku ce na ce in an kashe kasko ta warke. A'a. Ciwo yana nan, zai iya tashi ko babu hayaƙi. Amma ba zan san ƙarfinsa na gaskiya ba sai an daina tsokane shi.”

Ta sauya mata inhelar kullum zuwa mai ƙarfi, ta ƙara wata ta uku da ke buɗe hanya, da maganin fesawa a hanci. Ta hana fararen ƙwayoyin kemis sai da izininta, wai suna cin ƙashi suna tayar da suga. Maganin ciwon jiki ma ta ce kada ta sha kowane iri sai ta tambaya. Ta ce a dawo bayan 'yan watanni a sake busa bututu. In har duk da haka bai kwanta ba, akwai wata allura ta musamman da ake yi wa masu irin jininta lokaci-lokaci, za ta tura mu Abuja wajen manyanta, ko da yake samunta ba sauƙi.

“Zan tura ku” ta ce, jama'a. Ni da ita. Na riƙe wannan.

A keke muka kamo hanyar gida har muka wuce shataletale. Ni ina gaba gefen direba. Can na ji muryar Gwaggo ta baya, ba irin wadda na sani ba.

“Wato ni nake kashe 'yar da na goya.”

“Haba Gwaggo...” in ji Mutmainna.

“Rufe min baki. Kuma a ce 'yata, 'yar Jumai, a kai ta ɗakin miji tana warin sabulu? Me dangin miji za su ce? Duk 'ya'yan mutane na ƙamsasa, sai tawa?”

Na juyo na ce, “Gwaggo, ni ne dangin mijin. Mun yafe.”

“Kai kuma wa ya sa da kai?”

Na mayar da kaina gaba.

Baffa ya saurari kowa da kowa, sannan ya raba gardama yadda ya ga dama. Ya ce a fitar da kasko da kabbasa daga gidan, Gwaggo ta koma haɗa kayanta a gidan ƙawarta. A ba sabon magani lokaci. Bayan nan in zo sau ɗaya, a tsakar gida, daga la'asar zuwa kiran magariba. In Mutmainna ta kai lafiya, rana na nan. In ciwon ya tashi ina zaune, to maganar yayarsa ce gaskiya, a mayar da kaya.

Na san ba haka likita ta ce ba. Ciwon zai iya tashi don kansa, ba ruwansa da ni. Amma wa zai tsaya yi wa uba bayani a kan 'yarsa?

Makonnin nan da waya muka rayu. “Yau na hau benen makarantar islamiyya ban tsaya ba.” “Jiya na yi barci har asuba, Baffa sai da ya leƙo ya ga ko ina numfashi.” Wata rana kuma, “Yau ƙirjin ya ɗan riƙe, kada ka faɗa wa kowa.” Gwaggo kuwa ta daina cin abinci da su. Kullum ta dawo daga gidan ƙawarta sai ta sauya kaya a zaure, ta wanke hannu, ta shige ɗaki. Ba ta yarda ba, amma ba ta karya dokar ba.

To shi ne Asabar ɗin da na fara ba ku labari.

Na isa ana idar da la'asar. Gidan sai ya zame mini baƙo, ba ƙamshin komai sai na ƙasa da miyar kuɓewa. An shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Mutmainna ta fito cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wadda ni na ɗinka, da hijabi ruwan toka, ba jan baki ba komai. Kumatun nan sun ɗan sauka. Ta ajiye faranti na dafaffiyar gyaɗa da ruwan sanyi, ta ajiye shuɗiyar inhela a gefensu kamar ita ma baƙuwa ce.

Gwaggo na ƙofar ɗakinta kan kujera 'yar tsuguno, da tiren shinkafa a cinya tana tsinta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce “lafiya” ba tare da ta ɗago ba. Baffa na zaure da rediyonsa, amma na lura an rage murya.

“Yau ka fi kyau,” in ji Mutmainna.

“Don ban fesa ba?”

“Ni da ba na ji? Don dai ka tsorata ne, idonka ya yi wuri-wuri.”

“Ke ba ki tsorata ba?”

“Na tsorata mana. Ci gyaɗa.”

Muka yi ta hira, amma rabin kunnena na kan numfashinta. Ta ce shekaranjiya tana yanka albasa ta ji wani abu kaɗan can cikin hanci, har ta tsaya tana shinshina wuƙa. Na ce in hancin ya buɗe gaba ɗaya ta ji warin man keken ɗinki a jikina, kada ta ce a mayar da kaya. Ta yi dariya sosai, na jira tarin da ke biyo dariyarta. Bai zo ba.

Rana ta yi ƙasa. Iskar hadarin ta fara kaɗawa, ganyen mangwaro na zubowa kan tabarma. Na ce a raina, saura kaɗan, ya Allah.

Sai na ji shi. Warin leda na ƙonewa.

Maƙwabciyarsu ta bayan katanga, Maman Wandoo, ta ga ruwa na shirin sauka, ta cinna wa shararta wuta kafin ta jiƙe. Iska kuwa ta kwaso hayaƙin, baƙi, mai kauri, ta tsallako da shi kanmu. Mutmainna ba ta ji warin ba, tana tsakiyar ba ni labari sai tari ya sarƙe ta. Ta dafa gwiwa. Na ga kafaɗarta ta ɗaga.

Na miƙa mata inhelar. Na ce ta rufe hanci ta shiga ɗaki. Ta girgiza kai, don ta san in ta tashi daga tabarmar nan kafin kiran salla, an gama. Rediyon zaure ya mutu.

Gwaggo ta ajiye tire. Ta miƙe. Na ce shi ke nan, Baffa za ta kira ya zo ya gani da idonsa, ga shi ba kaskonta a gidan kuma ciwo ya tashi ina zaune. Ba wanda zai ce ta yi ƙarya.

Bakin rijiya ta nufa. Ta sunkuci bokitin da ke cike, matar da kullum take kukan ciwon baya, ta bi ta zaure ta fice ko mayafi babu. Muka jiyo ta ta bayan katanga.

“Maman Wandoo! Ke Maman Wandoo! Matsa, matsa nan!”

Sai ƙarar ruwa a kan wuta, fuuu. Hayaƙin ya yi fari, ya tashi sama, iska ta tafi da shi.

Mutmainna ta shaƙi maganin, ta riƙe numfashi yadda aka koya mata, ta sake. Ina ƙirga hawa da saukar kafaɗarta ban san ina yi ba. A hankali usur ɗin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɓace. Ta ɗago, idonta jajir, ta ce da dusasshiyar murya, “Ina muka tsaya?”

Ladan ya ɗaga murya a masallacin layi.

Baffa ya leƙo daga zaure da buta a hannu. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya ce, “Kalilu, taso mu je salla. In mun fito ka faɗa mini yaushe manyanka za su samu zuwa.”

Ina neman takalmina ƙafata na kuskurewa, sai ga Gwaggo ta shigo da bokiti wayam, bakin zaninta ya jiƙe, toka a ƙafarta. Na buɗe baki. Ko inda nake ba ta kalla ba. Ta kife bokitin a bakin rijiya, ta ɗauki tirenta.

“Mutane ba su da lissafi,” ta ce, ba da kowa take ba. “Ƙona leda da magariba.”

Ta shige ɗaki ta saki labule.